Shekara Tara Bayan Ciyaman Isiyaku: Gayyar da Aka Yi a Tsaye

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana, Malam Isiyaku, wanda mutanen Likoro suka fi sani da Ciyaman, saboda daɗewar da ya yi yana shugabantar jam'iyyarmu a mazaɓa. Ranar wata Laraba ya cika, bayan la'asar, aka kai shi makwancinsa kafin magariba. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba.

Ba ni da zurfin boko. Firamare na gama, na yi aikin malamin sito a Makarfi har na yi ritaya. Abin da aikin ya koya mini shi ne kowane kaya da muhallinsa, kuma wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Haka zan jera maganata. Zan fara da abin da Yaya ya yi, in zo kan abin da aka yi bayansa, sannan in ambaci masu laifi, har da ni kaina.

Jam'iyyarmu ita ce wadda ake yi wa laƙabi da ta 'yan mazan jiya. Ba mu taɓa jin haushin sunan ba. Mu ne masu cewa a girmama na gaba, a bar wa sarakuna da malamai darajarsu, kada a yi gaggawar rushe abin da aka tarar. A kan wannan Yaya ya shige ta, a kan wannan ya mutu a cikinta. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin zai buƙace shi a gaba.

Sama da shekara talatin da suka wuce aka yi wani zaɓen fid da gwani na ɗan takarar gwamna, irin na ƙato-bayan-ƙato. Ga wanda bai riski zamanin ba, ba a jefa ƙuri'a a ɓoye. A filin makaranta ake kafa hoton kowane ɗan takara, kowa ya je ya tsaya a bayan hoton wanda yake so, rana tsaka, surukinka yana kallonka, maƙwabcinka yana kallonka. Yaya ne a gaban layi ɗaya. A gaban ɗaya layin kuwa Malam Barau ne, wani manomi mai zafin rai, wanda shi ma jama'a ke jin maganarsa. Aka ƙirga, layin Yaya ya fi tsawo. Kafin yamma samari sun ɗauko ganga sun kafa ta a ƙofar gidan Malam Barau, suna waƙar habaici har iyalinsa suka kasa fitowa ɗibar ruwa. Ina cikin samarin. Ni ne ma na ƙara wa waƙar baiti, kuma ban manta shi ba, amma ba zan rubuta shi ba.

Washegari da aka sallame sallar asuba, na tarar da Yaya a zaure da fartanyoyi jingine da bango. Bai tambaye ni inda na je jiya ba. Ya ɗauki ɗaya ya miƙo mini, ya ce, "Jiya kun kai masa ganga. Yau za ku kai masa wannan."

Ya sa aka tattaro duk wanda ya yi rawa a ƙofar gidan, bai ɗaga wa ko ɗaya ƙafa ba, muka bi shi a baya har gonar Malam Barau. Dawar mutumin ta nutse a ciyawa, domin yawon neman jama'a ya hana shi noman fari. Labari ya riga mu isa gare shi cewa mutanen Isiyaku sun nufi gonarsa da ƙarafa. Sai ga shi ya taho da gora a hannu, yana huci. Yaya ya yi masa sallama, bai jira amsa ba, ya tuɓe rigarsa ya rataye a kan wata ƙirya, ya sunkuya ya fara noma. Muka bi sahu. Malam Barau ya daɗe a tsaye da gorarsa yana kallonmu. Can sai ya juya ya tafi. Da hantsi ya dawo da mutanensa, kowa da fartanya, ana biye da su da ƙoren fura. A zaɓen gama-gari na wannan shekarar, Malam Barau da kansa ya riƙa bi gida-gida yana fito da mutane su zaɓi wanda ya kayar da ɗan takararsa.

Daga nan abin ya zama al'ada a mazaɓarmu. Mutane suka sa masa suna gayyar Ciyaman. Har Nasarawan Doya an taɓa kwaikwayonsa, na kuma ji wani dattijo daga wajen Ikara ya zo takanas ya tambayi yadda ake yi. Ƙa'idoji huɗu Yaya ya kafa mata, kuma ba ya yarda a tsallake ko ɗaya. Ta farko, babu ganga, a gari ko a gona, domin maroƙi ba ya iya ɗaga wani sai ya taka wani. Ta biyu, ɓangaren da ya ci shi ke ɗaukar fartanya, kuma jagoransu da hannunsa zai yi, ba wakili, ba 'yan ƙwadago. Ta uku, gidan da ya faɗi shi ke kawo abinci, don kada ya zama sadaka aka yi musu, su ma su ji sun ba da wani abu. Ta huɗu, ba a maganar siyasa sai an kai ƙarshen gona. Wanda ya taɓa yin gayya ya san idan aka kai ƙarshen gona babu mai sauran ƙarfin faɗa. Idan zaɓen ya faɗo da rani, to a yi wa gidan yaɓen katanga ko a taya su saran rake, amma ƙa'idojin suna nan yadda suke.

Sau biyu ɓangaren Yaya yana faɗuwa, kuma duka biyun ya zauna a gindin bishiya ya bari aka nome masa gona, ya sa matarsa ta dama fura. Ya taɓa gaya mini wannan ya fi masa wuya a kan riƙe fartanyar. Da girma ya kama shi, bayansa ya fara ciwo, na ce masa ya riƙa tura mu ya zauna a gida. Ya harare ni, ya ce wanda ka kayar a gaban jama'a ba ya jin maganar da ta fito daga sama, sai ya ga ƙeyarka. Ya ce amfanin fartanya ke nan, ba a iya aiki da ita a tsaye.

Kada a ɗauka waliyyi nake zanawa. Yaya mutum ne mai taurin kai, ba ya dariya sai da dalili, ba ya kuma karɓar gyara daga ƙaninsa ko da gaskiyar a fili take. Ya taɓa juya wa wani ɗan takara nagari baya don kawai ya shiga zauren wani dattijo da takalmi, muka yi asarar mutumin har abada. Amma bai taɓa kiran ɗan jam'iyyarsa maƙiyi ba, bai kuma taɓa kwana da murnar faɗuwar maƙwabcinsa ba.

Yanzu in zo kan bana.

Wanda ya shiga Makarfi a watannin baya zai ga ofisoshin jam'iyyarmu guda biyu, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a kan titi, fenti iri ɗaya, tuta iri ɗaya, kowanne yana cewa ɗayan na bogi ne. Mutum biyu ne suka fito neman tikitin gwamna. Ba zan ambaci sunansu ba, hotunansu sun isa, har jikin masallatai ba su bari ba. Na farko yana cewa na biyu baƙo ne da ya shigo jiya ta taga, bai san aƙidar jam'iyya ba. Na biyu yana cewa na farko ya zaune jam'iyyar kamar gadon ubansa, kuma ya daɗe da sayar da aƙidar. Kowannensu ya rantse shi ne ɗan mazan jiya na asali. Ban ji ɗayansu ya yi maganar taki ba, ko hanyar da ke cinye mana tumatir kafin ya isa kasuwa. Maganar kawai ita ce wane ne na gaske, wane ne jabu.

Sai magoya baya suka karɓa. A rediyo, a waya, a majalisar masu shayi, mutumin da bai gama tara gemu ba zai kama sunan sa'an kakansa ya yi masa tatas, wai yana kare jam'iyyar girmama na gaba. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan, shi da ya rabu da ɗan takara saboda takalmi. Ina jin ba zai ce komai ba. Zai kalli bangon ofishin ne ya tofar da yawu ya wuce.

Yaya ya bar 'ya'ya maza biyu. Auwalu shi ne babba, shi ke kan kujerar ubansa ta shugaban mazaɓa a yau. Habibu shi ne ƙarami. Auwalu ya bi na farko, Habibu ya bi na biyu. Wannan ba laifi ba ne, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne kowannensu ya buga hoton ubansa kusa da na ɗan takararsa, kamar mamacin ne ya taso ya ɗaga hannun mutumin. Gida ɗaya suke zaune, uwa ɗaya, Hajiya Tabawa, tana nan da ranta. Kuma akwai gonar Bakin Rafi, gandun Yaya, wadda shekara tara ba a raba ba, da yardar dukan magada, maza da mata. Tare ake noma ta, rumbu ɗaya ake zuba amfanin, daga nan uwarsu ke ci, daga nan ake aika wa 'yan'uwansu mata da ke gidajen aure. Wannan gonar ita ce igiyar da ta ɗaure gidan. Ban da ita, Habibu yana da tasa gayaunar a yammacin gari.

Aka yi zaɓen fid da gwani a Kaduna da farkon damina, na wakilai, a cikin ɗaki, ba mu ga layi ba balle mu ƙirga. Aka ce mutumin Auwalu ne ya ci. Ɗaya ɓangaren suka ce an yi musu fashi. Kafin la'asar babura sun cika Likoro da ƙara, suka zo suka yi ta zagaye a ƙofar gidan Yaya, suna kiran sunan Habibu suna tambayarsa ina gwanin nasa. A ƙofar gidan mutumin da ya hana ganga.

Na kira Auwalu na tuna masa da gayyar ubansa, wadda tun rasuwarsa ba a sake yi ba. Ya amsa da sauri, ya ce ai dama yana da niyya. Saurin amsar ya kamata ya sa in yi shakka. Ya sa rana. Ni kuwa ranar ban je ba. Na ce ina da ganin likita a Zariya saboda gwiwata, kuma gaskiya ne, amma da na so da na ɗaga. Abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau shi ne ni ma ɓangaren Auwalu nake, daɗin cin bai sake ni ba, kuma zuciyata ta ƙi yarda in sunkuya a gonar Habibu, yaron da aka raɗa wa suna a hannuna. Girman kai ba shi da shekaru.

Ga abin da Auwalu ya yi, kamar yadda waɗanda suka gani suka faɗa mini, kuma na gani da idona a waya daga baya. Ya je gayaunar Habibu da mota mai lasifika tana waƙar ɗan takararsa. Ya ɗauko masu feshi na haya, kowa da tanki a baya, domin a cewarsa yanzu an ci gaba, wa ke da lokacin fartanya. Ya taho da shinkafa a robobi daga ofishin jam'iyya, bai bar iyalin ƙaninsa su kawo ko ruwa ba. Sannan ya tsaya a bakin gona cikin shadda mai sitati, ana ɗaukarsa a waya, yana jawabi cewa su masu yafiya ne, sun yafe wa waɗanda suka faɗi, ga shi har noma suna yi musu. Ƙa'ida huɗu, ya taka su ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda aka ba jerin ya ce bari in ga wadda zan bari. Habibu ma bai sani ba, yana kasuwar Makarfi.

Maganin da aka fesa irin na gonar masara ne, wanda ke barin masara ya kashe duk wani mai faɗin ganye. Masara ce kuwa a gonar, kowa na iya hangowa daga bakin hanya. Abin da ba a hangowa daga bakin hanya shi ne Habibu ya yi dashen barkono a tsakanin layukan, bai fi kwana goma ba, 'yan ƙanana, ciyawa ta rufe su. Duk wanda ya sunkuya da fartanya, a sara na farko zai gan su. Babu wanda ya sunkuya. Bayan kwana huɗu barkonon ya nannaɗe, ya yi baƙi, tun daga farkon gonar har ƙarshenta.

Habibu ya same ni a ƙofar gida da hantsi. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi gwiwa, ya tambayi iyali. Sannan ya cire hularsa ya juye mini abin da ke ciki a kan tabarma, busassun dashe cike da hannu. Ya ce, "Baffa, an ce kai ka ba da shawarar. Ga sakamakon, na kawo maka naka kason."

Ya rantse da gangan aka yi. Ni ban yarda da gangan ne ba, kuma na gaya masa. Amma a wurina abin da ya faru ya fi ganganci muni. Mai ganganci ya san abin da ke gonarka, ya duba ya gani, sannan ya cuce ka. Auwalu bai ma ga ƙaninsa ya kai a duba gonarsa ba. Waya yake kallo.

Habibu shi ma bai bar wa kansa gaskiya ba. Ya ɗauki hoton gonar ya watsa, ya kira wansa da sunayen da ba a kiran bare da su. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ya ce shi da mutanensa za su yi wa jam'iyya zagon ƙasa, gara kowa ya rasa. Sannan ya aika wa mai unguwa cewa yana so a raba gonar Bakin Rafi a ba shi nasa.

Na tara su a zauren ubansu. Suka zauna kowa ya ba ɗan'uwansa kafaɗa. Auwalu ya ce kuskure ne na masu feshi, zai sa direbansa ya kawo sabon iri daga Hunƙuyi. Habibu ya ce ya riƙe irinsa ya dasa a kan ɗan takararsa. Na tsawata musu duka. Na ce wa Auwalu magani ɗaya ne, kuma ba shi da tsada: gobe da safe ya ɗauki fartanya, shi kaɗai, ba mota, ba waya, ya je ya dasa barkonon da hannunsa, ni zan raka shi da gwiwar tawa. Na dubi Habibu na ga ya sunkuyar da kai, na san da an yi haka da maganar ta mutu a nan. Sai Auwalu ya gyara hula ya ce, "Baffa, ni fa ciyaman ne. In aka ɗauke ni hoto a durƙushe a gonar ɗan adawa, me zan ce wa mai gida a Kaduna?"

Ɗan adawa. Ƙaninsa, ciki ɗaya, katin jam'iyya ɗaya. Na ce masa ubansa ya yi ciyaman tun shi bai san ɗaurin wando ba, kuma bai taɓa samun mai gidan da ya fi maƙwabcinsa ba. Habibu ya miƙe ya sa takalminsa. Daga nan babu sauran magana.

Rabon gado haƙƙi ne, Allah ne ya ajiye shi, ba ni da bakin hana shi. Da a cikin daɗin rai aka nema, da ni zan fara sa albarka. Aka zo da malamin da ya san rabo, da mai unguwa, da igiya. Aka fitar wa Hajiya Tabawa tumuninta, aka fitar wa mata nasu, aka zo kan mazan. Ni aka ba bakin igiyar ɗaya in riƙe, a matsayina na uban da ya rage. Na riƙe. Na ja igiya a kan ƙasar da na ga Yaya ya kashe ƙarfinsa a kai, 'ya'yansa suna tsaye nesa da juna, kowa yana lura kada a ci masa taku. Da aka zo kafa iyaka, babu wanda ya yarda da ɗan'uwansa, sai aka bar wani zirin fili a tsakani, faɗin taku uku, daga bakin hanya har rafi, ba na wannan ba, ba na wancan ba. Rumbun nan ɗaya kuwa, bana ba a san abin da za a zuba masa ba.

Ba a yi wata guda da jan igiyar ba sai ga hoto daga Kaduna. Manyan nan biyu, hannu cikin hannu sun ɗaga sama, baki har kunne. Baƙon da ya shigo ta taga ya zama ɗan'uwa, wanda ya sayar da aƙida ya zama jagora. Aka ce an yi sulhu, jam'iyya gida ɗaya ce, kowa ya manta da abin da ya wuce. Abin da aka yi wa wanda ya faɗi alkawari, su suka sani. Aka sauke tutar ɗaya daga cikin ofisoshin Makarfi, mai ɗakin ya zuba buhunan masara a ciki.

To, ina tambayarku, ku manyan. Kun kunna wuta a ƙauyuka, kun ce wa mutane wannan yaƙin aƙida ne, a mutu ko a yi rai. Suka gaskata ku, suka ɓata da surukansu, suka daina bin limami ɗaya. Yanzu kun sha shayi kun rungumi juna. Wa zai je Likoro ya naɗe igiyar da aka ja? Kuna zaton hoto zai fito da Habibu ranar zaɓe? Yau ya tsani wansa, ya tsani wanda ya ci, ya kuma fi tsanar nasa gwanin da ya bar shi a rana. Irinsa suna nan a Kudan, suna nan a Ikara, ba sai na ƙirga muku ba, za ku gan su a akwati, ko in ce ba za ku gan su ba. Abokan hamayyarmu ba sa buƙatar wahala bana. Bango ya riga ya tsage, ƙadangare sai dai ya zaɓi ramin da ya fi masa daɗi.

Na yi alkawarin ambaton masu laifi. Manyan ne a gaba, domin su suka sayar mana da faɗan da su kansu ba su saya ba. Auwalu na biye, shi ya ɗauki abin da ubansa ya gina don rufe bakin ciwo ya mai da shi gishirin zubawa a ciki. Sai Habibu, wanda aka ɓata wa barkonon shekara ɗaya ya rama a kan gonar shekara arba'in, uwarsa ce kuma ta fi shan ramuwar. Na ƙarshe ni. Da na je ranar, da ban bari an kunna lasifika ba, da kuma na sunkuya, ko sau ɗaya, na ga dashen. Da-na-sani ƙeya ce.

Ranar da Yaya ya cika shekara tara, rumfa biyu aka kafa a ƙofar gidansa, ta gabas da ta yamma. Kowane ɗa ya gayyato nasa malaman, kowa da nasa lasifikar, ana saukar Alƙur'ani biyu a lokaci guda wa mutum ɗaya, sautin wannan yana hawa kan na wancan. Kowa ya aiko a kira ni. Ban zauna a ko ɗaya ba. Na shiga ciki wurin Hajiya Tabawa na tambaye ta fartanyar Yaya. Ranar rabon kaya an yi gardama a kan rediyonsa da babbar rigarsa, amma babu wanda ya tambayi fartanyar. Ta jawo ta daga ƙarƙashin gado, ta kalle ni sama da ƙasa, irin wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta, ta ce da wannan gwiwar, in na sunkuya sai an kira mutum huɗu su miƙar da ni. Na ce mata ta tanadi mutum huɗun.

Na tafi Bakin Rafi. Gabas an yi feshi, yamma an yi feshi, zirin da ke tsakani kuwa ciyawa ta kai ƙugu, babu wanda ya taɓa ta, domin kowa yana tsoron a ce ya yi wa ɗan'uwansa aiki. Na tuɓe riga na fara. Ban yi nisa ba na ji sallama a bayana. Malam Barau ne, ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya tafi, yana dogara sanda, da wata tsohuwar fartanya a kafaɗa. Wani ne ya gan ni ya gaya masa. Na ce ya zauna a inuwa, ya ƙi. Ya ce, "Yayanka ya sunkuya a gonata ina riƙe da gora. Ba zan mutu ban sunkuya a tasa ba." Bai iya yin fiye da taku goma ba, amma ya yi su.

Da rana ta ɗaga sai muka hango Hajiya Tabawa tafe a hankali da ƙwarya a hannu, ita da ta yi shekaru ba ta taka gona ba. Ta ajiye furar a gabanmu, ludayi biyu a ciki. Na ce mata wannan wahalar ta mece ce, ga abinci can an dafa tukunya-tukunya a rumfuna.

Ta ce, "Ka manta ƙa'idar ne? Gidan da ya faɗi shi ke kawo abinci. Bana gidana ne ya faɗi."

Malam Barau ya yi bisimilla ya ɗauki ludayi.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Malam Isiyaku bayan shekara tara, ba zan nuna hotunan da ke jikin bango ba, ruwan sama zai wanke su kafin kaka. Ba zan nuna kujerar ba, wanda ke kanta ya gaji sunan ne kawai. Jam'iyyar ma ba zan nuna ba, domin ta 'yan mazan jiya ce da ta manta da jiyan. Abin da na gani ya rage shi ne tsoho mai ido ɗaya da bai manta safiya guda ba bayan shekara talatin, da tsohuwar da ta riƙe ƙa'ida ta uku. Kaɗan ne, kuma dukanmu uku muna bakin hanya. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya shirya abin da ya bari.

Zirin dai mun nome shi, a kwana uku. Ciyawa za ta sake rufe shi kafin ranar zaɓe, kuma gwiwata ba za ta sake bari in nome shi ba. Fartanyar tana zaurena, a bayan ƙofa. Auwalu ya san wurin. Habibu ma ya sani.